Audugar da ta riƙe ni a makon farko na jego

Wata biyu ke nan da na sauka, kuma tun ina cikin wanka nake cewa sai na rubuta wannan saboda masu cikin fari irina. A takardar kayan haihuwa da aka ba mu wurin awo an rubuta audugar masu jego fakiti biyu. Ni kuwa da na shiga kasuwar Sabon Gari, hankalina duk yana kan shawul da huluna da 'yan safa. Da na zo kan auduga sai na ce ai duk ɗaya ne, na ɗauki wadda na saba sawa lokacin al'ada, siririya mai fukafuki da ƙamshi, na jefa a jaka.

Nas ɗin da ta buɗe jakar a ɗakin haihuwa ta ɗaga ta sama ta ce, "Hajiya, wannan ko awa ɗaya ba za ta yi miki ba." Nan take aka tura maigida kyamis ɗin bakin asibiti ya sayo ta masu jego. Allah ya saka wa matar nan da alheri.

Audugar masu jegon nan tsawonta ya kusa kamu ɗaya, tana da kauri kamar ƙaramin matashi, samanta kuma laushi ne da shi kamar tsohon zani, ba santsin leda, ba turare. Da farko na ji kunyar girmanta, sai da na miƙe daga gado karo na farko na ji jini ya sauko gaba ɗaya, sannan na gane dalili. Jinin biƙi daga gurbin da mabiyiya ta rabu da mahaifa yake fitowa, kuma kwana uku zuwa huɗu na farko ja ne wur, wani lokaci da 'yan gudaji. Duk sanda na sa yaro a nono sai mara ta murɗa ya ƙaru, domin shayarwa tana sa mahaifa ta tsuke. Ga shi an yi mini ƙari, an ɗinke. Kaurin nan da na raina shi ya zame mini abin zama, don in na zauna ba na jin ɗinkin yana gugar katifa.

Tana da nata aibin. Wadda na samu ba ta da fukafuki, tana zamewa gefe in kamfai bai kama jiki ba, kuma ni a watan Afrilu na haihu, kowa ya san zafin Zariya a lokacin. Maganin da na yi shi ne manyan kamfai na auduga masu kamawa har cibiya, da ledar shimfiɗa a ƙarƙashin zanin gado. Canji kuwa duk awa uku zuwa huɗu, ko ta cika ko ba ta cika ba, da wanke hannu kafin da bayan.

Daren kwana na huɗu fakiti biyun suka ƙare, a gidanmu da ke Tudun Wada. Dole na koma ga siririyar nan. Na fito daga wankan ruwan zafi da ganyen darbejiya, jiki yana ta tsatsafo da gumi, na ɗora abu mai saman leda da turare a kan ɗinki ɗanye. Kafin asuba ƙaiƙayi da raɗaɗi sun hana ni barci, zanina ya ɓaci har katifa. Gari na wayewa ƙanena ya hau mashin ya ƙaro mini fakiti uku na mai kaurin.

Inna tun farko ƙunzugu ta so in yi. Ta yayyaga tsohuwar atamfa mai laushi ta ninke mini, ta ce, "'Yar nan, da wannan na yi jegonku ku bakwai." Gaskiyarta, ba abin da ya kai shi sanyi a fata, kuma na yi amfani da shi da rana a mako na uku. Sharaɗinsa a wanke da sabulu, a shanya a rana ya bushe ƙayau, kada kunya ta sa a ɓoye shi bayan ƙyaure da danshinsa. Amma a makon farko ban yarda da shi ba, domin atamfa mai duhu tana ɓoye yawan abin da ya zuba.

Wannan shi ne babban amfanin farar auduga a wurina: ma'auni ce. Kafin a sallame mu an ja mana kunne cewa in auduga ta jiƙe sharkaf cikin awa ɗaya, ko gudan jini ya kai girman ƙwai, ko aka ji wari, zazzaɓi ko jiri, to a koma asibiti a lokacin, ko tsakar dare ne. Zubar jini bayan haihuwa ita ce kan gaba wajen kashe masu jego a duniya, ga asibitin Shika ga asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, bai kamata a tsaya jiƙe-jiƙe ba. Ranar suna na yi ta kai-kawo wajen baƙi, da yamma na ga jinin da ya fara komawa ruwan ƙasa ya dawo ja. Na kwanta na ƙirga, auduga ɗaya ta kai ni awa huɗu, hankalina ya kwanta.

Daga kwana na goma ya zama fatsi-fatsi, ya ragu sosai, a nan ne siririyar auduga ta yi rana, amma na nemo marar turare. An kuma hana ni cusa komai ciki har mako shida. Jinin nawa ya ɗauke a kwana na 33. Farin audugar ne ya nuna mini, na yi wanka na koma salla ban jira arba'in ba, kamar yadda malamarmu ta Islamiyya ta karantar da mu: a mazhabar Malikiyya iyakarsa kwana 60, amma duk ranar da ya ɗauke an yi tsarki.

Ƙanwata tana wata takwas yanzu. Jiya na haɗa mata jakarta da hannuna: mai kauri fakiti huɗu, siririya marar turare biyu, kamfai shida da ledar shimfiɗa, na ɗora su a sama inda hannu zai fara kaiwa.