Injin sarrafa abinci a ƙaramin gida: Kenwood MultiPro Compact da abokan takararsa

Wanda ya shiga shagon kayan kicin da niyyar sayen injin sarrafa abinci, wato abin da masu shago ke kira furosesa, mafi girman da ke kan kanta za a fara sauko masa da shi, a buɗe kwali a jera masa wuƙaƙe da faya-faye iri-iri, sannan a nuna masa yawan wat ɗin da aka rubuta da manyan lambobi, wato awon wutar da injin ke sha. Ga gidan da tukunyarsa ta mutum biyu zuwa huɗu ce, kamar gidan amarya da ango ko na ma'aurata masu ƙananan yara, wannan babban inji yakan ƙare ne a saman kabad cikin kwalinsa. Abin da ya dace da irin wannan gida shi ne inji mai kwanon da bai wuce lita 2 da ɗoriya ba, mai ƙarfin wat 700 zuwa 800, wanda ya zo haɗe da kofin blenda. A cikin masu waɗannan siffofi, Kenwood MultiPro Compact ne na fi gamsuwa da shi, kuma da shi zan auna sauran.

Kafin a kai ga zaɓe, ya kamata uwargida ta tabbatar cewa furosesa take buƙata, domin mutane da yawa suna ɗaukarsa blenda ce mai tsada. Blenda dogon kofi gare ta da 'yar ƙaramar wuƙa mai tsananin gudu, kuma sai an zuba mata ruwa take jan kaya ƙasa, shi ya sa aikinta markaɗe ne mai laushi. Furosesa kuwa kwanonsa mai faɗi ne, wuƙarsa babba ce mai lanƙwasa biyu da ke sharar gindin kwanon, gudunsa bai kai na blenda ba, kuma ba ya neman ruwa. Idan aka zuba masa attaruhu da tattasai da albasa, aka danna maɓallin da ake dannawa a saki sau kaɗan, abin da za a samu jajjage ne irin na turmi, kowane ɗan yanki a fili, ba tare da ruwan da zai sa a daɗe ana soyawa kafin mai ya taso ba. Wadda aikinta na kullum markaɗen kayan miya ne da damun fura, blenda mai kyau ta ishe ta.

A Faransa aka haifi furosesa irin na yau. Kamfanin Robot-Coupe, wanda ya fara da ƙera wa gidajen cin abinci, shi ya fitar da na gida mai suna Magimix a 1971, sannan a 1973 Cuisinart ya shigar da irinsa Amurka. An tsara shi ne domin kicin ɗin da ake gogar cuku da yanka dankali siri-siri da bugun ƙwai na kek, saboda haka rabin tarkacen da ke cikin kwali ba za su taɓa ganin ruwan wanke-wanke a gidajenmu ba. Abubuwa uku ake mora a zahiri: babbar wuƙa, faifan goga da yanka, da kofin blenda. Duk ƙarin kuɗin da aka nema saboda yawan kayan haɗi, a yi masa kallon tsanaki.

Girman kwano shi ne wurin da aka fi yin kuskure. Idan aka jefa albasa guda ɗaya cikin kwano mai lita 3 da rabi, juyi ɗaya wuƙar za ta yi ta watsa ta jikin bango, daga nan ta ci gaba da juyawa a banza, sai an tsaya an buɗe an kankaro da cokali, a sake rufewa, a sake kunnawa, bayan an gama kuma ga ƙaton kwano da murfi suna jiran wanki saboda albasar da wuƙar hannu za ta gama da ita cikin minti ɗaya. A ɗaya gefen akwai 'yan ƙananan injunan daddatsa waɗanda kwanonsu bai kai lita ɗaya ba. Suna da daɗin aiki wajen tafarnuwa da ɗanyar citta da jajjagen miyar mutum ɗaya, kuma ga ɗalibi ko gwauro ba na jin akwai buƙatar wuce su, amma ba su da faifan goga, ba sa kwaɓa fulawa, kuma ranar da baƙi suka zo sai an yi ta zubi-zubi.

Kenwood MultiPro Compact yana tsakiyar waɗannan biyun. Kwanonsa lita 2.1 ne, ƙarfinsa wat 800, yana da matakin gudu biyu da maɓallin dannawa a saki, kuma kofin blendarsa mai lita 1.2 a kan mazauni ɗaya yake hawa da kwanon, wanda ke nufin wurin inji ɗaya zai ci a kan teburin kicin. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a gidan haya mai ɗan matsattsen kicin, domin injin da sai an hau kujera kafin a sauko da shi ba ya daɗewa ake mantawa da shi. Sai dai a sani cewa lita 2.1 ɗin nan awon kwano ne har baki, kuma idan abu mai ruwa ne, da zarar ya wuce kusan rabi zai fara tsiyaya ta gefen murfi ko ta tsakiyar da wuƙa ke zama.

A wajen jajjage da yankan kabeji da gogar karas ba ni da abin cewa sai yabo, musamman lokacin azumi da ake son haɗa salak da kayan buɗa-baki cikin gaggawa. Ɗanyar kuɓewa ma tana fita da kyau idan aka cire kawunan aka datsa kowace gida biyu, aka yi ta dannawa ana saki har ta kai yadda ake so, domin idan aka bar shi yana gudu zai mayar da ita kumfa. Naman sambusa yana niƙuwa daidai muddin an cire jijiya, an yanka shi ƙanana, kuma yana da sanyi lokacin da aka zuba, saboda nama mai ɗumi damewa yake yi ya manne a wuƙa. Inda ya fi burge ni shi ne kwaɓin mit-fai da cincin: fulawa da bota mai sanyi sukan zama kamar tsaki cikin 'yan daƙiƙu, abin da hannu ke ɗaukar lokaci yana murzawa, sannan a riƙa ɗiga ruwa ta bututun murfi har kwaɓin ya dunƙule ya bar jikin kwano. Soyayyiyar gyaɗa takan fara zama gari, sannan ta dunƙule, daga bisani mai ya fito ta yi laushin da za a sa a miyar taushe ko a dama kunu, amma wannan aiki na mintuna ne, kuma dole a riƙa kashewa ana barin injin ya huce. Haka nan yana sauƙaƙa surfen wake idan an ɗan jiƙa shi an zuba da ruwa, an danna sau kaɗan don ɓawon ya saki.

Akwai kuma ayyukan da bai kamata a ɗora masa ba. Ƙullun ƙosai da na alala ba za su yi laushin da ake so a kwano ba, sai a kofin blenda, shi ma kaɗan-kaɗan. Ƙullun waina da aya da waken suya na awara, da duk wani busasshen hatsi, har yanzu na injin markaɗen unguwa ne. Busasshiyar citta da kurkur suna dakushe wuƙa su kuma karce kwano, man kanumfari kuwa yana dusashe roba, don haka dakan yaji ya zauna a turminsa. Sakwara tana yiwuwa da doya mai zafi 'yan yanka kaɗan, amma danƙonta yana wahalar da ƙaramin inji, kuma gidan da ke cin ta duk mako ya nemi wanda ya fi wannan ƙarfi.

Injunan wannan aji, ba Kenwood kaɗai ba, suna da rauninsu. Jikinsu roba ne, ba su da nauyi, suna da ƙara, kuma idan kwaɓi ya yi tauri sai an dafa su da hannu don kada su yi tafiya a kan tebur. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ɗan harshen roba da ke jikin murfi, wanda sai ya shiga gurbinsa injin zai yarda ya tashi. An yi shi ne don kada hannu ya haɗu da wuƙa tana juyawa, amma idan ya karye, lafiyayyen inji ya zama kayan ado har sai an samu sabon murfi. Saboda haka tambayar da ta fi ta farashi amfani a shago ita ce ko ana samun murfi da kwano da wuƙa daban idan sun lalace.

Bosch MultiTalent 3 shi ne abokin takararsa na kusa, da kwano mai lita 2.3 da wat 800, kuma yana da dabarar da nake so: wuƙa da faya-faye duk suna shiga cikin kwanon a rufe, babu abin da zai ɓace a durowa ko ya faɗa hannun yaro. A lura dai cewa wasu samfuransa ba sa zuwa da kofin blenda, sai a duba kwali da kyau. Tazarar da ke tsakaninsa da Kenwood ba ta da yawa, kuma idan shi aka samu da takardar garanti daga dillali amintacce, ba a yi asara ba. Magimix Le Mini Plus kuma wani mataki ne daban. Kwanonsa lita 1.7 ne, ƙarfinsa wat 400 kacal, amma injin cikinsa mai nauyi ne, marar yawan ƙara, irin wanda ba shi da burushi, wato ɗan guntun gawayin da ke kai wuta ga ɓangaren da ke juyawa kuma yake cinyewa, har kamfanin yana ba shi garantin shekara 30. Tsadarsa da rashin kofin blenda, da kuma wahalar cin moriyar garantin Turai daga nan, su suka sa ban sa shi a gaba ba.

Misalin Magimix ya isa ya nuna cewa wat awon wutar da inji ke sha ne, ingancin aiki kuma yana ga ƙirar injin da kaifin wuƙa. Kasuwa ta cika da injuna masu araha da aka rubuta wa wat 5000 ko 8000, alhali fulogi mai ƙafa uku irin na Ingila da muke amfani da shi a Najeriya fis ɗinsa amfiya 13 ne, wanda a kan wuta mai bolt 230 bai wuce wat 3000 ba. Lambar da ta zarce haka ado ce ta kwali, kuma Hausawa sun riga sun ce araha ba ta ado. Matsakaicin wat yana da wata fa'idar a inda wuta ba ta tsayawa, domin inbata ta gida za ta fi iya ɗaukarsa, ko da yake ƙaramin janareta mai bayar da wat 650 zai sha wahala da inji mai 800, musamman a lokacin tashi da ya fi jan wuta. Idan aka kawo wuta marar ƙarfi, har ƙwan fitila ya yi ja, a haƙura da kunnawa, domin a irin wannan lokacin ne koyil ke ƙonewa.

Mai niyyar sayen na hannu daga kayan gwanjo ya fara juya injin ya karanta rubutun da ke gindinsa. Na Amurka bolt 120 suke sha, kuma wutarmu za ta ƙone su nan take idan babu taransifomar rage wuta. Girmansu ma da kofi ake faɗa, kowane kofi kusan mililita 240, wato mai kofi 7 zuwa 9 shi ne daidai ƙaramin gida, mai kofi 14 kuwa ya haura lita 3. Idan Cuisinart ne a duba wuƙar, domin a Disambar 2016 kamfanin ya janye kusan miliyan 8 na wuƙaƙen da aka haɗa da ƙusoshi huɗu, waɗanda aka sayar tsakanin 1996 da 2015, saboda suna iya tsagewa ɓarɓashin ƙarfe ya shiga abinci. Sabo ne ko na hannu, a sa mai shago ya jona shi a gabanka, ka ɗaura kwano da murfi da hannunka ka cire, ka saurari ƙararsa a matakan gudu biyun, sannan ka ɗaga kwanon a haske ka duba ko akwai tsaga a kusa da mariƙi da kuma wurin da murfi ke kullewa.