Allurar mRNA da aka yi mini a Argungu

Wata biyu na yi ina jan ƙafa kafin na miƙa hannu aka yi mini rigakafin korona a ƙarshen 2021. Mai fasahar mRNA ce, irin wadda ta fara shigowa Najeriya a watan Agustan shekarar, lokacin da Amurka ta ba da allurai kimanin miliyan 4 na kamfanin Moderna. Abin da ya hana ni shi ne zancen majalisa bayan la'asar, wai tana canja halittar mutum.

Ƙanwata, wadda nas ce, ita ta zaunar da ni. Ta ce, "Yaya, ba cutar ake zuba maka ba. Saƙo ne kamar wasiƙa, an naɗe shi cikin ɗan ɗigon kitse. Jikinka ya karanta, ya ƙera ƙayar da ke bayan ƙwayar korona, sojojin jiki su gan ta su haddace kamanninta. Cikin 'yan kwanaki wasiƙar ta narke, ba ta ko shiga inda gadon halittarka yake."

A ɗakin shan magani na ga an ciro 'yar kwalbar daga akwatin sanyi, jikinta na raɓa. Wannan sanyin shi ne wahalarta a ƙasa mai zafi irin tamu, domin saƙon ba ya jure zafi. Allurar kanta ba zafi. Da dare dantsena ya yi nauyi, na kwana da ɗan zazzaɓi, washegari da yamma na ware. Bayan kwana 28 na koma aka yi ta biyu.

Abin da ya ɓata mini rai guda ne: a layin nan babu wanda ya yi mana bayani da Hausa. A rubuta kati, a tsira allura, a kira na gaba. Wani dattijo a gabana ya tambaya, bai samu amsa ba, ya saɓa rawaninsa ya tafi. Har yau ina tuna shi.

Ni kam ban yi da-na-sani ba, kuma ina bin labarin fasahar. A 2023 masana kimiyya Katalin Karikó da Drew Weissman suka karɓi kyautar Nobel a kanta, ana kuma gwada ta kan sankarar fata. Allurar da nake jira ita ce ta zazzaɓin cizon sauro da kamfanin BioNTech ya fara gwadawa a 2022. Wadda aka fara yi wa yaranmu a Kebbi a Disambar 2024 ba ta mRNA ba ce, amma autana na cikin waɗanda na kai da kaina.