Kwas ɗin Second-Goal Parent: iyayen yara 'yan wasa ku leƙa shi

Wannan kwas na intanet ne, ƙungiyar Positive Coaching Alliance ce ta shirya shi, wadda Jim Thompson ya kafa a jami'ar Stanford ta Amurka a 1998, kuma gaskiya na ji daɗinsa sosai.

Abin da suke cewa shi ne maganar cin wasa a bar wa koci da yara, kai uba ko uwa naka shi ne tarbiyyar da yaro zai samu a wasan, wato buri na biyu, abin da "Second-Goal" ke nufi ke nan. Inda ya fi taɓa ni shi ne batun zuciyar yaro, sun kwatanta ta da tankin mai, yabo na gaskiya yana cika shi, faɗa da harara suna tsiyaye shi, shi ya sa suka ce yabo 5 gyara 1. Kuma ba yabon "ka yi ƙoƙari" kawai ba, ka faɗi takamaiman abin da ka gani, kamar yadda ya dawo da gudu ya tare ƙwallo bayan ta kuɓuce masa. Wallahi yara na lura, yaro zai ɓarar da fenareti kafin ma ya kalli koci ya waiwayo yana neman fuskar babansa a bakin fili, in ya ga an ɗaure fuska shi ke nan sauran wasan a tsorace zai buga shi.

Da Turanci yake, don haka wanda bai ji sosai sai ya nemi mai fassara masa. Ni dai ina ba duk mai ɗa ko 'ya a tim ɗin makaranta shawara ya yi shi, iyaye maza musamman.