Gilashi ko Perspex don zanen yumɓu? Amsa ga 'yar'uwarmu ta Idi-Araba

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin tambaya a kan me ya fi dacewa a yi zanen yumɓu, wato zanen da ake manna yumɓu mai launi a bayan gilashi ko roba a kalle shi ta gaba. Tsakanin gilashi da robar nan garai-garai da masu allon talla ke kira Perspex, gilashi za ki saya, in dai ba ƙananan yara za ki miƙa wa aikin ba.

Yumɓun da ake wannan aiki da shi mai maiƙo ne, irin Plasticine, wanda wani malamin zane William Harbutt ya haɗa a Ingila a 1897 don ɗalibansa su samu abin da ba ya bushewa. To duk inda kika danna shi sai ya bar maiƙo. A gilashi wannan ba komai ba ne, ki kankare da reza, ki ɗiga sipirit a auduga ki goge, ya dawo tas. A Perspex kuwa reza karce take bari, sipirit kuma yana iya sa shi ya yi hazo da 'yan tsage-tsage. Aikin nan kuma rabinsa gyara ne, a yi, a goge, a sake.

Dagin Arewa da ke rataye a falona nan Agege, a gilashin wani tsohon firem muka yi shi ni da babbar 'yata. Muka shimfiɗa zanen a ƙarƙashi, muka bi layin da baƙar maka, sannan muka dinga murza baƙin yumɓu siri-siri kamar taliya 'yar murji, muna ɗorawa a kan layin muna gyara kwana da tsinken sakace. Daga nan aka cike gurabe da kore da ruwan ɗorawa, ana dannawa da babban yatsa sosai har iska ta fita, kuma gilashi bai ko motsa ba, saboda ba ya lanƙwasa. Daɗin abin sai an juya. Baya duk shatin yatsu ne, amma ta gaba sumul, launi na sheƙi, yarinya har da guɗa. Maƙwabciyata Bayarabiya ta rantse fenti ne, sai da na sauke shi na ɓalle kwalin baya ta taɓa da hannunta.

Tunda ta baya ake aikin, abin da kika fara sawa shi ke fitowa gaba, don haka layi da ƙananan ado su ne farko, launin fili shi ne ƙarshe. Idan akwai rubutu, suna ko "Barka da zuwa", ki juya zanen tukuna, in ba haka ba a birkice zai fito.

Perspex ina da guntunsa, yana can bayan kwaba. Ba zan hana shi haƙƙinsa ba: nauyinsa bai kai rabin na gilashi ba, kuma ba ya fashewa da sauƙi, don haka ya dace da mai 'yan nazare ko mai yawo da aiki cikin danfo, motar hayar Legas. Iyakarsa ke nan. Ga kwasar ƙura, ga karce, siririnsa kuma yana lanƙwasa yumɓu ya ɗago.

Ba ki tambaya ba amma zan faɗa, ki buɗe ido da 'yan kasuwa. Wani zai miƙo miki roba mai araha mai saurin tsagewa ya ce Perspex ce, wani kuma ya bar takardar da ke manne a jiki ta rufe karce, don haka ki ɗaga ta a gabansa kafin ki biya. Mai gilashi zai ce milimita 4 ya yanko miki 3 a kuɗin 4, ki sa ya auna kina kallo. Inda aka fi cutar mutane ma wajen yumɓun ne. Akwai ƙullun wasan yara mai ruwa da fulawa da gishiri, da kuma wani mara nauyi mai bushewa da iska, duk sai a ce miki ai ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, waɗannan suna bushewa su tsuke su ɓalle daga gilashi. Na gaskiya yana da ɗan tauri kafin ya ji ɗumin hannu, kuma yana barin maiƙo a yatsa. Fakiti ɗaya za ki fara saya, ki manna kaɗan ki bar shi ya kwana biyu ki gani.

Ki je wajen masu tagar alminiyom na unguwarku, suna da ragowar yanka da za su ba ki da sauƙi. Ki ce milimita 3, girman takardar A4, kuma lallai su goge miki bakin don kaifi. In kin gama ki rufe baya da kwali, ki sa a firem. Sai dai kada ki rataye shi inda rana ke duka ko kusa da kicin, zafin Legas yana sa yumɓun ya saki ya fara zamewa.