Rabin Sa'ar Da Ke Biyo Bayan Labarai: Sharhina Kan Shirye-shiryen Al Jazeera Ta Turanci

Na taso a gidan da rediyo ne sarkin labarai, domin tun ina yaro muryoyin sashen Hausa na BBC da na Muryar Amurka da na Jamus ne ke tashe mu da asuba, kuma su ne ke raka mu zuwa barci. Talabijin bai samu gurbi na dindindin a wurina ba sai a farkon shekarar 2023, lokacin da muka haɗa sola a gida, muka huta da dogaro da wutar da ke zuwa ta tafi ba sallama. Tun daga wannan lokaci tashar Al Jazeera ta Turanci ce nake kallo kusan kowane dare, daga bayan sallar isha'i har zuwa lokacin kwanciya, kuma ina ganin na kalle ta isasshen kallon da zan iya faɗin ra'ayina game da yadda ta tsara shirye-shiryenta.

Tashar ta fara aiki ne a ranar 15 ga Nuwamba, 2006, shekara goma bayan yayarta ta Larabci da aka buɗe a 1996, kuma hedikwatarsu duka biyun tana birnin Doha na ƙasar Qatar. Tsarin jadawalinta ba shi da wuyar ganewa. A farkon kowace sa'a ana karanta labaran duniya na kimanin minti talatin, sannan a rabin sa'ar da ta rage a saka shiri guda, ko na tattaunawa ko na dokumentari, wato fim ɗin da aka ɗauka daga rayuwa ta zahiri ba wasan kwaikwayo ba. A wasu lokuta na yini kuma akwai Newshour, wanda ke cinye sa'a guda cur. Ana rubuta lokutan shirye-shiryen da agogon GMT, don haka mai kallo a Najeriya ko Nijar sai ya ƙara sa'a ɗaya a kan abin da ya gani a rubuce, abin da ya sa na rasa shiri fiye da sau ɗaya a makonnin farko kafin in saba.

Labaran farkon sa'a suna da kyau, amma ba su ne suka riƙe ni ba, domin kanun labarai a yau kowa yana samunsu a wayarsa kafin ma talabijin ya kawo su. Abin da ya bambanta wannan tasha a idona shi ne rabin sa'a na biyu, kuma a cikinsa babu shirin da ya kai Witness shiga raina. A mafi yawan finafinan da ake nunawa a wannan shiri babu ɗan jaridar da ke tsaye gaban kyamara yana bayani, babu kuma muryar da ke gaya wa mai kallo abin da ya kamata ya ji. Ana bin mutum guda ne ko iyali guda tsawon lokaci, a gona ko a asibiti ko a sansanin gudun hijira, suna magana da harshensu, fassarar Turanci tana fitowa a rubuce a ƙasan allo.

Wannan fassara ta ƙasan allo ita ce ta jawo mahaifina cikin kallon. Ba ya jin Turanci, amma ya yi karatun allo da na littattafai mai zurfi, Larabcinsa kuma ya fi nawa nesa ba kusa ba. Da farko yakan zauna a kan dardumarsa yana jan carbi, ni kuma ina karanto rubutun ina mayar masa da Hausa cikin gaggawa kafin ya wuce. Wani dare ana nuna wata dattijuwa Balarabiya tana magana a tsakar gidanta, na fara fassarawa daga rubutun, sai ya ɗaga mini hannu ya ce, "Dakata, ba haka ta ce ba. Ta yi addu'a ne tukuna, su kuma sun tsallake addu'ar." Na ce, "To Baba, sai ku fassara mana." Daga ranar muka raba aiki: idan masu maganar Larabawa ne shi ke yi mini bayani, idan kuwa daga Asiya ne ko Kudancin Amurka ni ke karanto masa. Ban san wani shirin talabijin da ya taɓa zaunar da mu tare na tsawon minti ashirin da biyar ba tare da ɗayanmu ya ƙosa ba, kuma dalilin a ganina shi ne shirin yana barin mutane su yi maganarsu har su kai aya.

Na biyu a wurina shi ne The Listening Post, wanda Richard Gizbert ya daɗe yana gabatarwa mako-mako. Aikinsa shi ne sa ido kan kafafen yaɗa labarai su kansu: wane ne ya mallaki wace jarida, wace kalma aka zaɓa aka bar wata, wane labari aka kambama, wane aka binne. A wannan shiri na koyi lura da yadda kanun labari kan ce mutane sun "mutu" a wani wuri, a wani wurin kuma ya ce an "kashe" su, alhali abin da ya faru iri ɗaya ne. A matsayina na malamin makarantar sakandare, na sha ɗaukar wannan darasi zuwa aji, in kawo wa ɗalibai kanun labari biyu kan lamari ɗaya in ce su nemo bambancin. Ina ganin duk wanda ke karɓar labarai ta WhatsApp da Facebook yana buƙatar irin wannan horo fiye da yadda yake buƙatar ƙarin labarai.

Inside Story shi ne shirin tattaunawa na kullum, inda mai gabatarwa ke ɗaukar batu guda ya gayyato baƙi uku daga birane daban-daban. Ingancinsa ya dogara kacokan a kan baƙin ranar. Bayan juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yuli, 2023, lokacin da ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya kuma ta yanke wutar da take bai wa maƙwabciyarta, na bi shirin da zumuɗi domin ina da dangi a Maraɗi. Na ƙaru da bayanai kan sojojin Faransa da ma'adinin yuraniyom da lissafin manyan ƙasashe, sai dai a cikin tattaunawar da na kalla ban ji muryar ɗan kasuwar Jibiya ko ta direban da motarsa ta maƙale a hanyar Illela zuwa Ƙonni ba, ga shi kuwa su ne suka ɗanɗana kuɗarsu. Masana da ke zaune a manyan birane sun fi sauƙin samu, na gane haka, amma rashin waɗancan muryoyi ya bar giɓi.

Sauran shirye-shiryen an raba su ne bisa yanki ko fanni. 101 East yana duba nahiyar Asiya, Fault Lines ya fi mayar da hankali kan Amurka, People & Power yana bin diddigin yadda ake amfani da iko, Counting the Cost kuma yana fashin baƙi kan tattalin arziki da harshen da wanda bai karanci fannin ba zai iya bi. Head to Head na Mehdi Hasan, inda ake titsiye baƙo guda a gaban 'yan kallo, yana da armashi, ko da yake wani lokaci zafin muhawarar kan rinjayi fahimta. Wanda ya fi girgiza ni shi ne binciken ƙwaƙwaf da sashen bincike na tashar ya fitar a 2023 mai suna Gold Mafia, kashi huɗu, kan yadda ake fasa-ƙwaurin zinare daga Zimbabwe da kudancin Afirka zuwa Dubai ana halatta kuɗin haram. Ina kallonsa zuciyata tana kan zinaren Zamfara, ina fatan wata rana a yi mana irin wannan aiki da irin wannan haƙuri.

Daga watan Oktoba na 2023 jadawalin ya sauya kama. Yaƙin Gaza ya mamaye allo, aka riƙa ɗage shirye-shiryen rabin sa'a domin kawo rahotanni kai tsaye, har aka ɗauki makonni ban ga Witness a lokacin da na saba ganinsa ba. Ba zan iya zargin tashar a kan haka da zuciya ɗaya ba, domin ma'aikatanta na cikin 'yan jaridar da suka rage a cikin Zirin, kuma sun biya da jininsu. Na ga hoton Wael Dahdouh, shugaban ofishinsu na Gaza, a asibiti bayan an kashe matarsa da ɗansa da 'yarsa da jikansa, sannan ya koma bakin aiki, kuma a watan Janairun 2024 aka kashe babban ɗansa Hamza, wanda shi ma ɗan jarida ne. Mahaifina bai ce komai ba a daren, sai salati. Duk da haka, yaƙin Sudan da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, wanda ya raba miliyoyin mutane da muhallansu a ƙasar da Hausawa masu yawa ke zaune, ya cancanci fili fiye da wanda na ga ya samu a waɗannan watanni, duk da ƙoƙarin wakiliyarsu Hiba Morgan.

Akwai kuma batun da bai kamata mai kallo ya manta da shi ba, wato gwamnatin Qatar ce ke ɗaukar nauyin tashar. Wannan ya fito fili a 2017, lokacin da Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Bahrain da Masar suka yanke hulɗa da Qatar, suka kuma sanya rufe Al Jazeera cikin sharuɗɗa goma sha uku da suka gindaya. A tsawon kallona, kaifin da tashar ke nunawa idan tana bincikar wasu gwamnatoci ban gan shi da irin wannan ƙarfi a kan gwamnatin da ke ciyar da ita ba. Wannan bai rage darajar finafinan Witness ba, amma idan labari ya shafi siyasar yankin Gulf nakan nemi wata kafa in kwatanta.

Game da yankinmu, rahotannin Ahmed Idris daga Najeriya da maƙwabta suna nuna sanin ƙasa da mutanenta, kuma nakan ji daɗi idan na ji ana hira da wani da Hausa kafin fassara ta hau kai. Sai dai mafi yawan lokutan da Arewa ke fitowa, dalilin fitowar tata rashin tsaro ne ko ambaliya ko yunwa. Ina kwaɗayin ganin an ba masu rini na Ƙofar Mata, ko manoman rani na Kadawa, ko mata masu kiwo a cikin gida, minti ashirin da biyar cikakku irin waɗanda ake ba masunta da manoma na wasu nahiyoyi.

Maimaita shirye-shirye yana da yawa, domin shiri guda kan dawo sau da dama a cikin mako. Wanda ke kallo dare da rana zai gundura, amma ga mai aiki da rana, ko wanda wuta ke yi wa wasa, wannan rahama ce. Ana kuma samun tashar kai tsaye kyauta a YouTube, tare da tsofaffin shirye-shirye, sai dai data na tafiya da sauri, don haka nakan rage ingancin hoton idan ina kallo a waya. Yanzu tsarina ya daidaita: a ranar Lahadi nakan duba jadawalin mako, in ƙara sa'a ɗaya a kan kowane lokaci, in rubuta na The Listening Post da na Witness a bayan littafin darasina, sannan in gaya wa Baba daren da za a nuna nasa.