Tabarau na kamun kifi a kayak: mai kashe ƙyalli ko baƙi kawai?

Samarinmu masu fita da kayak, wato ƙaramin kwale-kwale, wajen Epe da Badagry a jihar Legas sun dame ni da tambaya, wane tabarau za su saya, mai kashe ƙyallin ruwa wato folarayiz, ko baƙin nan da ake sayarwa a go-sulo?

Maganar kuɗi dai baƙin ya fi araha nesa ba kusa ba, in ya faɗa ruwa ba za ka yi kuka ba. Amma duhu kawai yake ƙarawa, walƙiyar nan da ke tasowa daga saman ruwa tana nan daram. Kuma in babu kariyar UV400, wato mai tare hasken rana mai cutar da ido, ya fi cutarwa ma, don ƙwayar ido buɗewa take a duhu sai hasken ya shige sosai.

Folarayiz shi yana yanke ƙyallin, ka hango kututture da wajen da ruwa bai da zurfi, ko da yake ruwan lagun ɗin Legas gurɓatacce ne, kar ka sa ran ganin kifi kamar a akwariyom, wato akwatin gilashi na ajiye kifi. Matsalarsa allon waya yakan yi duhu, ga jabu ya cika kasuwar Idumota. Don gane na gaske, ka duba allon waya ta cikin tabarau ɗin kana juyawa, in bai yi duhu ba ka ajiye musu abinsu.

Mai wuni a ruwa ya daure ya sayi folarayiz, ya ɗaura masa igiya. Mai leƙawa jefi-jefi da yamma, baƙi mai UV400 ya ishe shi.