They Might Be Giants: wane kundi za a fara da shi, kuma me ke ɓata wa mai saurare jin daɗinsa

Mutum biyu ne, kuma kowannensu sunansa John. John Linnell shi ne mai akodiyon, abin kiɗan nan da ake rungumewa a ƙirji ana ja ana matsawa kamar zugazugin maƙeri, kuma yana kaɗa kibod, yana busa saksofon. John Flansburgh shi ke riƙe da gita. Tun suna samari a garin Lincoln na jihar Massachusetts suka san juna, amma a Brooklyn ta birnin New York suka kafa ƙungiyar kiɗa ta They Might Be Giants a 1982. Sunan sun aro shi ne daga wani fim na 1971. Shekaru goma na farko ba su da mai ganga ko mai gitar bas. Injin ganga da kaset ne ke yi musu rakiya, har a gaban 'yan kallo.

Masu sauraro da yawa kan ji waƙa ɗaya ko biyu su yanke hukuncin cewa 'yan barkwanci ne, su wuce. Ina ganin an yi musu gajeren bayani. Gwanayen ƙera karin waƙa ne, kuma akasarin abin da suke rerawa da fara'a baƙin ciki ne: rabuwa, tsufa, mutuwa, aikin da ba ya biyan buƙata. Wanda ya kama wannan tun da wuri, sauran kundayen za su buɗe masa.

Kafin a taɓa kowane kundi, yana da kyau a san Dial-A-Song, domin a nan salon nasu ya samo siffarsa. A 1983 Linnell ya karye a wuyan hannu a haɗarin keke, ɓarayi kuma suka shiga gidan Flansburgh, wasa a dandali ya tsaya. Sai suka riƙa ɗora waƙa a na'urar amsa waya, suka tallata lambar a jaridar Village Voice; duk wanda ya buga zai ji waƙa maimakon sallama. Na'urar tana da sharuɗɗanta. Idan aka ja sauti ɗaya ya yi tsawo, takan ɗauka saƙo ya ƙare ta katse. Layin waya ba ya ɗaukar sauti mai kauri, don haka dole murya ta fito gaba, kalmomi su fita tar. Mai kira kuma ba zai daɗe riƙe da waya ba. Shi ya sa waƙoƙinsu ke tsayawa a minti biyu zuwa uku, amshi ya iso da wuri, babu doguwar shimfiɗa.

Kundin farko na 1986, mai ɗauke da sunansu, waƙoƙi 19 ne, kuma "Don't Let's Start" ce ta fito da su. Ba shi nake ba sabon shiga shawara ya fara da shi ba. Injin gangar yana da ƙarar gwangwani, wasu waƙoƙin kuma gwaji ne kawai. Lincoln na 1988 ya fi shi nisa ba kusa ba: waƙoƙi 18 cikin kusan minti 40, da wuya ka sami ta jefarwa. "Ana Ng" ce ke buɗe shi, da wata gita da ake datse sautinta gutsi-gutsi tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da ganga. Mawaƙin yana tunanin wadda ta dace da shi tana can ɗaya gefen duniya, daidai ƙarƙashin ƙafarsa, kuma ba za su taɓa haɗuwa ba. "They'll Need a Crane" ita ce ta fi nuna dabararsu: kiɗan na rawa ne, labarin kuwa na miji da mata ne da zamansu ke rushewa, har sai an kawo injin ɗaga kaya kafin a kwashe ɓaraguzan gidan da ya gina mata. A sifikar waya wannan kundin yakan yi siriri ya soki kunne, saboda sautin ƙasa dama kaɗan ne a cikinsa. Da abin saƙalawa a kunne ne ake jin yadda akodiyon da saksofon ke cike wannan gurbin.

Flood, wanda ya fito a Janairun 1990 a kamfanin Elektra, shi ne ƙofar shiga. Waƙoƙi 19 ne cikin minti 43. Clive Langer da Alan Winstanley ne suka tsara huɗu daga ciki, sauran su biyun suka yi abinsu, kuma kunne yana iya bambancewa: huɗun sun fi cika da sheƙi.

"Birdhouse in Your Soul" ta kai ta 6 a jerin waƙoƙin Birtaniya, kuma ta cancanta. Mai magana a waƙar wata 'yar fitilar dare ce mai siffar shuɗin kanari, irin wadda ake cusawa a soket ɗin ɗakin yara. Tana kallon hoton hasumiyar fitilar bakin teku da ke jikin bango, tana auna kanta da ita, ta amince cewa da ita aka ba wancan aikin da jirage sun farfashe a kan duwatsu. Abin da take roƙo ɗan wuri ne a zuciyar mai ɗakin. Ta fuskar kiɗa, a lura da yadda waƙar ke sauya matakin sauti sau da yawa tsakanin baiti da amshi ba tare da mai saurare ya ji an girgiza shi ba. Ganga tana tafiya a bugu ɗaya ba ta sassautawa, ita ke riƙe da komai, sai ƙaho ya shigo a tsakiya ya tsaga. Waƙa ce da za a iya rerawa bayan ji biyu, amma mai son kaɗa ta a gita zai sha wuya kafin ya gano inda take bi.

"Istanbul" ba tasu ba ce. The Four Lads ne suka fara fitar da ita a 1953, a kan sauya sunan Kustantiniyya zuwa Santambul. Linnell da Flansburgh sun ƙara mata sauri, suka sa gogen Turawa ya ja gaba. Ita da "Particle Man" sun shiga shirin zanen yara na Tiny Toon Adventures, kuma daga nan ne yaran Amurka da yawa suka san su. Daga nan ne kuma sunan 'yan wasan yara ya manne musu. Amma a kundin nan ɗin ne ake da "Your Racist Friend", inda mutum ya tashi ya bar walima domin ba zai iya tsayawa yana gyaɗa kai ga abokin mai gida mai wariyar launin fata ba. Akwai "Dead", fiyano da muryoyi kawai, nadamar wanda lokaci ya ƙure masa bai yi abin da ya so ba. Akwai "Minimum Wage" da ba ta kai minti ɗaya ba: a ambaci mafi ƙarancin albashi, a yi ihun makiyayi, bulala ta tsinke a iska, kiɗa ya ɗauka. Duk abin da za a faɗa game da ƙaramin ma'aikaci an faɗe shi a wannan ƙarar bulalar. Rauni ɗaya da nake gani a Flood shi ne kashinsa na biyu yana ɗan yin sanyi wajen "Hearing Aid" da "Hot Cha", kafin "Road Movie to Berlin" ta rufe shi a hankali.

Apollo 18 na 1992 ya fi duhu, gitarsa ta fi kaifi. "I Palindrome I" an gina ta a kan kalmomin da ake karantawa gaba da baya su ba da abu ɗaya, kamar "uku" a Hausa, har akwai wani sashe da jimlarsa gaba ɗaya take juyawa kalma bayan kalma ta dawo inda ta fara. Labarin na ɗa ne da ke jiran mutuwar uwarsa ya ci gado, kuma siffar waƙar tana nuna cewa abin zai zagayo kansa.

A nan ne "Fingertips" take, kuma a nan ake yawan samun matsala. Gutsattsarin amshi 21 ne, wasu daƙiƙa kaɗan, wasu sun ɗan fi, dukansu kusan minti huɗu da rabi. A faifan CD na Amurka kowane gutsure lambarsa daban, daga 17 zuwa 37, shi ya sa kundin ke nuna 38. Manufar ita ce a danna maɓallin cakuɗa waƙoƙi, gutsattsarin su riƙa faɗowa tsakanin manyan waƙoƙi ba zato. Abubuwa uku ke lalata wannan. Na farko, a bugun Birtaniya an haɗe su wuri ɗaya, don haka cakuɗawa ba ta yin komai. A duba yawan lambobin kafin a saya ko a sauke. Na biyu, idan manhajar sauraro tana narkar da ƙarshen waƙa cikin farkon mai bi mata, daƙiƙa biyar na narkarwa sun isa su haɗiye gutsure sukutum, sai a kashe wannan tsarin. Na uku, in ana ji kai tsaye ta intanet mai rauni, jiran lodi tsakanin gutsattsari yakan fi su kansu tsawo. A sauke kundin duka tukuna. Ji na farko a bi shi a jere, na biyu a cakuɗa.

Daga 1992 suka ɗauki cikakkiyar tawaga, kuma John Henry na 1994 shi ne kundin farko da ita. Waƙoƙi 20, minti 57. Ya yi tsawo ga mutanen da ƙarfinsu gajartawa ne, kuma ƙahoni da gita sukan danne muryoyin. Duk da haka "The End of the Tour" tana cikin mafi taɓa zuciya da suka taɓa yi. Factory Showroom na 1996 ya fi tsari. "James K. Polk" tarihin shugaban Amurka na 11 ne, wanda aka zaɓa a 1844 ya yi zango ɗaya, kuma sautin da ke kuka a tsakiyarta zarto ne ake gogawa. "I Can Hear You" kuwa an ɗauke ta ne a ɗakin binciken Thomas Edison da ke West Orange a New Jersey, ba wutar lantarki, suna rerawa cikin manyan mazurare allura tana zana sautin a jikin silindar kaki. Ƙarar soye-soyen da za a ji ba lalacewar fayil ba ce. Baitocin ma a kan na'urorin magana marasa kyan sauti ne, irin na ƙofar gida da na wayar cikin jirgin sama.

Abin da ya biyo baya zan bi ta kansa da sauri. Long Tall Weekend na 1999 ta intanet kaɗai aka sayar da shi, tun lokacin da hakan baƙon abu ne. "Boss of Me", waƙar buɗe shirin Malcolm in the Middle, ta ba su lambar yabon waƙa ta Grammy a 2002. Mink Car na 2001 da The Spine na 2004 suna da waƙoƙi masu kyau a warwatse, amma ba su da dunƙulewar Lincoln. The Else na 2007 yana rufewa da "The Mesopotamians", inda sarakunan tsohuwar ƙasar Mesofotamiya, Sargon da Hammurabi da Ashurbanipal da Gilgamesh, suka zama mawaƙa masu yawo a tsohuwar mota ba wanda ya san su.

Kundayen yara lamari ne na daban: No! a 2002, Here Come the ABCs a 2005, Here Come the 123s a 2008 wanda ya ci Grammy, sai Here Comes Science a 2009. Aiki ne na tsakani da Allah, ba su raina yaran ba. Shekaru suna rera wata tsohuwar waƙar 1959 da ke cewa rana curin iskar gas ce mai ƙuna. Da aka nuna musu cewa a kimiyyance filasma ce, wani yanayi daban da iskar gas, sai suka rubuta sabuwa ta gyara, suka sa duka biyun a kundin kimiyyar. Ga mai koya wa yara Turanci ko lissafin farko, waɗannan suna da amfani ƙwarai. Matsalar tana ga babba da ya buɗe shafinsu a manhaja ya danna a kunna komai: zai ji waƙar mutuwa, sai waƙar haruffa, sai ta Mickey Mouse, ya rasa gane ko su wane ne. Kundi-kundi ake jin su.

Sai maganar harshe. Turancinsu cike yake da wasa da kalmomi, kuma Linnell yana rerawa ta hanci da sauri, abin da kan gundiri kunnen da bai saba ba. A buɗe rubutattun baitocin a gefe a ji na biyu, ba na farko ba, don kada karatu ya sha gaban kari. Rarrabe muryoyin ma yana taimakawa: Linnell ne a "Ana Ng" da "Birdhouse in Your Soul", Flansburgh ne a "Boss of Me" da "New York City", muryarsa ta fi faɗi kuma ya fi sauya ta.

Cikin na baya-bayan nan, Join Us na 2011 ne ya dawo da su kan gajerun waƙoƙi masu cizo, Nanobots na 2013 kuma ya cusa 25 cikin minti 45, da 'yan gutsattsari irin na "Fingertips". A 2015 sun farfaɗo da Dial-A-Song, waƙa ɗaya kowane mako, daga ciki aka tattara Glean. I Like Fun na 2018 shi na fi so a wannan zangon. Tawagar makaɗansu, Dan Miller da Danny Weinkauf da Marty Beller, ta daɗe tare har ta san inda za ta ja baya ta bar murya, kuma fargabar mutuwa da suka saba ɓoyewa ƙarƙashin raha ta fito fili a "I Left My Body" da "Last Wave". Book na 2021 ya zo da littafin hotuna mai shafi 144, an buga baitocin a ciki da tafireta. Wanda ya saurare shi ta manhaja kaɗai waƙoƙin zai samu, littafin sai an saye shi daban.